Me ya sa har yanzu ake yabon Peugeot 205?

Tambaya: Malam, na ga masu son tsofaffin motoci a Turai suna zuba kuɗi a kan Peugeot 205, 'yar mota da ko but ɗin kirki ba ta da shi. Mu 504 muka sani. Mene ne sirrinta?

Amsa: Ɗan'uwa, dole 504 ta fi zama mana a rai, tunda a Kaduna aka riƙa haɗa ta. Amma a Faransa, 205 ce ta fitar da Peugeot kunya. Kamfanin ya haɗiye Citroën, sannan a 1978 ya sayi reshen Chrysler na Turai, bashi ya yi masa katutu. Ana cikin haka 205 ta fito a 1983, ta karɓu, har aka ƙera sama da miliyan 5 kafin 206 ta gaje ta a 1998.

Wadda ake rububi ita ce samfurin GTI. Ta fara a 1984 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 105, a 1986 mai lita 1.9 ta biyo baya da 130. A yau wannan ba wani ƙarfi ba ne. Sirrin yana wajen rashin nauyi, domin ba ta kai tan ɗaya ba. Kana taɓa totur ta zabura, kana juya sitiyari ta bi hannunka, ba wata kwamfuta tsakaninka da taya. Sai dai ba ta da haƙuri: wanda ya saki totur kwatsam a tsakiyar kwana, bayanta kan kwace masa. Bodinta kuma ba kauri, kariyarta a hatsari ba ta kama ƙafar motocin yanzu ba.

Gasar tsere ta ƙara mata suna. Samfurin Turbo 16, wanda injinsa ke bayan direba kuma tayoyi huɗu ke ja, ya ci kambun duniya na tseren motoci na rali a 1985 da 1986, sannan ya lashe Paris-Dakar, gasar tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, wadda a lokacin kan ratsa Agadas, a 1987 da 1988. A ta 1988 an sace wa direban Peugeot Ari Vatanen motarsa 405 a Bamako yana kan gaba, abokin aikinsa Juha Kankkunen ya yi nasara da 205.

In saye kake tunani, fara nemo bakanike da ya san wayarinta, don wuta ce ke yawan ba ta matsala.