An ce mahaifinka yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, gado ne?

Ɗan'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an yi mishi aiki a Shika, likita ya ce sai an gwada ƙwayoyin halittar ƙarin, shi ne kake tsoron ko ku ma za ku gada.

Kwantar da hankalinka, yawanci ba gado bane, canjin ƙwayoyin halittar a cikin ƙarin kanshi yake faruwa. Masu bin jini kaɗan ne sosai.

Gwajin don a san irinshi ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sakamakon irin wannan gwaji cikin yadda ake rarraba ire-iren ƙarin ƙwaƙwalwa, misali irin ƙarin da ake kira giliyoma, in tana da canji a ƙwayar halitta mai suna IDH, ta fi tafiya a hankali kuma masu ita sun fi daɗewa, ana kuma duba wata ƙwayar halittar mai suna MGMT da ke nuna ko maganin daji temozolomide zai kama sosai. A binciken 2005 kan giliyobilastoma, irin giliyomar da ta fi tsanani, waɗanda aka haɗa wa maganin da gashin na'ura (radiotherapy) sun rayu kusan wata 14 da rabi a tsaka-tsaki, masu gashin na'ura kaɗai wata 12. Lissafin taron mutane ne fa, ba na Baba ba, kuma in nashi meninjiyoma ce, wato ƙarin da ke fitowa a tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa, yawanci ma ba daji bace.

Inda mutanenmu ke kuskure, ana ganin ya warware bayan aiki sai a daina zuwa asibiti, ko a ajiye maganin farfaɗiya a koma na gargajiya. Kar ku yi haka don Allah. Ku riƙe takardar sakamakon da hotunan MRI, ku tambayi likitan tiyatar da na daji sunan ƙarin da matakinshi, in kuma akwai wasu a dangi da suka yi irin ciwon ku faɗa musu.