Marubuciyar littafin yara za ta kawo mana ziyara, me ya kamata mu shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, kuma ni aka ɗora wa kula da ɗakin karatu. Wata marubuciyar littattafan yara ta amince ta ziyarce mu a zango mai zuwa. Shugaban makaranta yana so a tara yara duka, daga aji ɗaya zuwa aji shida, ta yi musu jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Ni dai tsarin bai kwanta mini ba, amma ban san abin da zan kawo a madadinsa ba. Wace shawara za a ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kina da gaskiya da kika ji shakka. Ɗan shekara shida da ɗan shekara goma sha biyu ba kunne ɗaya gare su ba. In baƙuwar ta sassauta magana don ƙanana, manya sai su shiga tsokanar juna. In ta yi zurfi don manya, nan da nan ƙanana za su fara ɗaga hannu suna neman izinin zagayawa. Ga shi kuma wanda ke layin baya ba zai ga hoton da take nunawa ba, alhali rabin labarin yana cikin hoton. A raba su rukuni biyu ko uku. 'Yan aji ɗaya da biyu minti 20 zuwa 30 ya ishe su, manya kuwa za su iya jure minti 45 in ana damawa da su. Shi kuma shugaban makaranta kada ki rushe masa shirinsa gaba ɗaya. A ba shi minti goma a taron safe ya yi wa baƙuwa maraba, a ɗauki hoton da yake so, sannan a shiga aji a yi ainihin aikin.

Sai dai abin da ya fi duk wannan nauyi yana faruwa ne tun kafin ta iso. Yaran da ba su taɓa jin labarinta ba, wata mata kawai za su gani a tsaye, kuma tambayoyinsu ba za su wuce "Shekararki nawa?" da "Kina da mota?" ba. Amma ki karanta musu littafinta da babbar murya tun saura mako biyu ko uku, ki bar shi a aji su riƙa juya shafukansa, su zana wanda ya fi burge su a ciki, su yi musu a kan ƙarshen labarin. Ranar ziyara za ki ji wata yarinya ta miƙe, rai a ɓace, tana tambayar dalilin da ya sa aka bar ƙaramin cikin labarin shi kaɗai a shafi na ƙarshe. Irin wannan tambayar marubuta ke nema. Kwafi ɗaya tak ma ya wadatar, ya riƙa zagaya azuzuwa. Kowane aji ya tace tambayoyinsa ya zaɓi uku ko huɗu, don kada a maimaita abu ɗaya sau goma.

Ki roƙe ta kuma ta zo da abin da ba a gani a kanti: rubutunta na farko mai cike da soke-soke, takardar da edita ya bi da jan biro, da zanen fensir na farko kafin a sa launi. A ganina wannan ne zuciyar ziyarar. Yaro yakan ɗauka littafi haka yake fitowa tsaf, shi kaɗai ne ke rubutu ana yi masa gyara. Ranar da ya riƙe shafin da marubuciya ta soke jimla ɗaya sau huɗu, ta rubuta wata a gefe a karkace, ta sake soke ta, jan biron malaminsa zai rage ba shi tsoro.

Manyan aji suna son jin sirrin sana'a, kuma akwai shi da yawa. Yawancin littattafan hoto shafi 32 ne, domin ana buga su a kan manyan fallaye da ake ninkewa su ba da shafi 8 ko 16. Ana iya gwada wannan nan take: a ba kowane yaro takarda ɗaya, ya ninke sau biyu, ya yanke bakin ninkin sama, sai ga ɗan littafi mai shafi 8 a hannunsa. Sukan yi mamaki kuma in suka ji cewa sau da yawa kamfanin ɗab'i ne ke zaɓar mai zane, har littafi ya fito marubuci da mai zanen ba su taɓa haɗuwa ba, kuma labarin da ake karantawa cikin minti biyar yana iya cin shekara biyu kafin ya shiga kasuwa.

Game da rana, akwai biyu da makarantu suka saba jingina irin wannan ziyara da su. Ranar 2 ga Afrilu ita ce Ranar Littafin Yara ta Duniya, wadda IBBY, ƙungiyar duniya mai bunƙasa littattafan yara, ke raya ta tun 1967, a ranar haihuwar Hans Christian Andersen, marubucin tatsuniyoyin yara na ƙasar Denmak, wanda aka haifa a 1805. Sai 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya da UNESCO ta ware a 1995. In sun dace da zangonku, madalla, amma a lokacin ne marubuta suka fi samun gayyata. Ni na fi son ranar da babu jarrabawa a gaba, kuma da safe, kafin yara su gaji.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, kada kunya ta hana. Kason da marubuci ke samu a kowane kwafi kaɗan ne, a littafin hoto ma yakan raba shi da mai zane, don haka yinin da ta ba ku yinin aiki ne. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana karɓar lada, wa zai ɗauki nauyin sufuri, rukuni nawa za ta iya gani, da abin da take bukata a aji. In ta yafe, to makaranta ta sayi kwafi na ɗakin karatu. In za a sayar da littafi ranar, a sanar da iyaye da wuri, kuma a tuna da yaron da ba zai iya saye ba, wanda zai tsaya yana kallon 'yan uwansa a layin sa hannu. Ta sa hannu a kwafin aji da sunan ajin gaba ɗaya, sayarwa kuma a bar ta sai an tashi.

Malamin aji ya zauna a ciki daga farko har ƙarshe, ba yana duba takardun yara a bayan aji ba. Tsawatarwa aikinsa ne, ba na baƙuwa ba, kuma ba a barin baƙo shi kaɗai da yara ko wane ne shi. Hoton da fuskar yaro ta fito kada a ɗora shi a intanet sai da izinin iyayensa.

Cikin makon da ya biyo baya, tun zumuɗin bai huce ba, yara su cika 'yan littattafan nan masu shafi 8 da labarinsu, su soke, su gyara, a ware musu kanta guda a ɗakin karatu. Ki zaɓi kaɗan daga ciki ki aika mata tare da wasiƙar godiya daga kowane aji.