Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Rimi ne na Kwalejin Rimi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a raba mana gardama. Ni tsohon ɗalibin Kwalejin Rimi ne ta nan Kaduna, to a majalisarmu wani abokina ya dage wai sunan marigayi Abubakar Rimi aka sa mata, ni kuma na ce a'a amma ban da hujja. Mene ne gaskiya? Daga mai karatu a Kawo.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ke da gaskiya, kuma hujjar na cikin lissafin shekaru. Makarantar taku asalinta ta 'yan mishan ce, ta Katolika, Sen Jon ake ce mata, sai a farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan ta sauya musu suna, ita aka ba ta sunan unguwar da take ciki wato Unguwar Rimi. Shi kuwa Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi sai a 1979 ya zama gwamna, kuma ma na Kano ne, a jam'iyyar PRP, lokacin da mu nan Kaduna muke da Balarabe Musa. To ka ga an riga an yi wa makaranta suna tun kafin ya hau kujera. A guguwar nan ce dai makarantar 'yan mata ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, ta Wusasa kuma ta koma Kufena, sunan dutsen nan na Zariya.

Amma fa kar ka yi wa abokin naka dariya, ruɗewarsa tana da dalili, don a Kano akwai kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, sunan maiɗakin marigayin ce wadda ta rasu a 2006, ga gidan talabijin na ARTV, ga babbar kasuwar Sabon Gari, su biyun nan sunansa ne a kansu, mutum in ya saba jin waɗannan ai dole ya ɗauka duk inda aka ce Rimi shi ake nufi. Shi kansa marigayin sunan garinsu ne ya bi shi, Rimi ta ƙasar Sumaila, kamar dai yadda ake cewa Shagari ko Tafawa Balewa.

In aka bi salsala, kowa daga bishiya ya samo. Rimi adon gari, in ji masu kirari, kuma wallahi gaskiya ne, duk wanda ya taɓa hango tsofaffin rimayen birnin Zariya daga nesa ya san abin da ake nufi. Da can ba lambar gida ba allon titi, da bishiya ake kwatance, a ce mu haɗu gindin rimi, sannu a hankali kasuwa ta ci a wurin, gidaje su zagaye, sunan ya zauna. Haka aka samu Rimin Tsiwa da Rimin Doko a Zariya, Kasuwar Rimi da Rimin Gado a Kano, da ƙaramar hukumar Rimi a Katsina. Abin da ke ci min rai shi ne yaran yanzu da yawa sun tashi a unguwa mai sunan rimi amma ba su taɓa ganin audugar rimi na tashi a iska ba, balle su san da ita iyayenmu ke cika matashin kai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ita kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli Poli ta Zariya sunan Mai Martaba Sarkin Zazzau na yanzu ne? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

AMSA: A'a 'yar'uwa, sunan mahaifinsa ne, Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, wanda ya riƙe ministan harkokin wajen Najeriya daga 1965 zuwa juyin mulkin Janairun 1966, ya rasu a 2001. Mai Martaba, Allah ya ja zamaninsa, sunansa Ahmad, ya hau karaga a Oktoban 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, kuma shi ma ya riƙe sarautar Magajin Gari kafin nan, shi ya sa ake haɗa su. Sannan don Allah wani karon ki faɗa min wace Tudun Wadar, ta Kaduna ko ta Zariya, don har Jos da Gusau suna da tasu.