Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan sababbin fina-finan ban tsoro

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki tun daren jiya, na kuma karanta amsoshin da aka ba ki, yawanci sunaye kawai aka jero miki babu bayani. Kin ce rabonki da fim ɗin da ya ba ki tsoro na gaske tun The Conjuring na biyu, wato 2016, kuma duk wanda kika gwada bayan nan sai ki tarar ihu ne da jini, shi ya sa kike son jin ko na 'yan shekarun nan sun kai mutum ya ba su awa biyu daga lokacinsa. Ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita, domin na fi shekara goma sha biyar ina bin irin waɗannan fina-finai, kuma raina yana ɓaci in na ji ana yi musu kuɗin goro.

Akwai masu kyau, wasu ma sun fi na da. Amma kafin in ambaci ko ɗaya, ki fara raba abu uku da mutane suke haɗawa su kira su tsoro: razana, ƙyama, da kuma tsoron kansa.

Razana ita ce a yi shiru, a bar ki kina kallon ƙofa a buɗe, sai kwatsam a saki wata ƙara mai ƙarfi tare da fuska. Jikinki zai zabura ko kin so ko kin ƙi, kamar yadda zai zabura idan wani ya buga ƙofa da ƙarfi a bayanki. Wannan ba gwaninta ba ce, kowa zai iya. Na taɓa gwadawa da The Nun II na 2023: na rage murya can ƙasa, na mayar da wurare uku da suka razana ni. Babu abin da na ji. Ashe duk aikin a lasifika yake. Ƙyama kuwa ita ce ta yanka da fiɗa, a nuna miki abin da zai tayar miki da zuciya. Shi tsoro daban ne. Shi ne wanda fim zai ƙare, ki kashe waya, ki kwanta, sai ki ji ba kya son juya wa ƙofar ɗaki baya. Daga yadda kika rubuta tambayarki, na fahimci na ukun kike nema, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Idan fim ɗaya kawai za ki kalla daga cikin duk abin da zan faɗa, ki kalli His House. Ya fito a Netflix a 2020, Remi Weekes ne ya ba da umarni, Wunmi Mosaku da Sope Dirisu suka ja shi. Mata da miji ne da suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka tsallaka teku a kwale-kwale, suka rasa yarinya a hanya, sannan hukuma ta ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila kafin a yanke hukunci kan takardunsu. Kin san tambayar da kowa yake yi idan yana kallon fim ɗin gida mai aljanu: to me ya hana su tashi? A nan an toshe wannan ƙofar tun daga farko. An gindaya musu sharaɗi cewa ba za su yi aiki ba, ba za su bar gidan ba, in suka saɓa za a iya mayar da su inda suka fito. Saboda haka idan mijin ya ji motsi a cikin bango da dare, ba shi da wurin zuwa, ba shi kuma da wanda zai faɗa wa ba a ɗauke shi mahaukaci ba. Akwai wurin da yake zaune shi kaɗai, takardar bango tana saɓulewa a hankali, ya miƙa hannu cikin rami yana laluben wayar lantarki, yana jawowa, yana jawowa, abin da ke fitowa ba waya ba ce. Ba a yi ihu ba, ba a buga ganga ba, amma sai da na ajiye wayata na tashi na kunna fitila. Ƙarshensa kuma ba zan taɓa shi ba, illa in ce miki bayan na gane abin da ke bin su, tausayi ya danne tsoron, na kwana ina tunanin abin da mutum zai iya aikatawa idan yana gudun ceton rai.

Na biyu a wurina shi ne Talk to Me, fim ɗin Ostareliya da ya zaga duniya a 2023. Wasu tagwaye ne suka yi shi, Danny da Michael Philippou, waɗanda a YouTube aka fara saninsu, kuma kuɗin da aka kashe masa bai kai dala miliyan 5 ba. Labarin wasu matasa ne da suka sami wani busasshen hannu. Idan ka kunna kyandir, ka riƙe hannun, ka faɗi wasu kalmomi, matacce zai shiga jikinka, amma doka ita ce kada a wuce daƙiƙa 90. Abin da ya kama ni ba matattun ba ne, yaran ne. Ɗaya yana kan kujera a ɗaure, idanunsa sun yi baƙi ƙirin, yana shaƙewa, sauran kuma sun zagaye shi da wayoyi suna ɗauka suna ƙyalƙyala dariya, kowa yana jiran layi ya zo kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda shaye-shaye yake shiga tsakanin abokai zai gane abin da ake nufi ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Jarumar, Mia, ta rasa mahaifiyarta. Ranar da aka ba wani ƙaramin yaro hannun, sai ta ji kamar uwarta ce take magana ta bakinsa, ta roƙi a ƙara mata ɗan lokaci. Daƙiƙun nan da aka ƙara su ne suka rusa komai. Na kasa ganin laifinta, kuma wannan ne ya fi damuna, domin na san da ni ne a wurin, da na roƙi irin abin da ta roƙa.

A nan zan ɗan ratse, don abin yana da muhimmanci. Da yawa daga cikin fina-finan ban tsoro na yanzu a kan rashi aka gina su: mutuwar uwa, mutuwar ɗa, kashe kai. Waɗannan tagwayen sun sake fitar da wani a 2025, Bring Her Back, kan wata mata da 'yarta ta rasu ta kasa haƙura. Na kunna shi 'yan watanni bayan rasuwar mahaifina, ina ganin ai na saba. Ban kai rabi ba na kashe, kuma na yi kwanaki ƙirjina a cushe. Fim ɗin yana da kyau, Sally Hawkins ta yi wasa na ban mamaki, amma lokacin ne bai dace da ni ba. Idan an yi miki rasuwa kwanan nan, ko kina fama da damuwa ko rashin barci, ki jinkirta Talk to Me da Bring Her Back, haka ma Smile na 2022 da na biyunsa na 2024, domin su kacokan a kan kashe kai suke juyawa. Ba za su gudu ba.

Na 2025 da ya fi burge ni shi ne Weapons na Zach Cregger, wanda ya yi Barbarian a 2022. Dare ɗaya, da ƙarfe 2:17, yara 17 'yan aji ɗaya suka tashi daga gadajensu, suka buɗe ƙofa, suka ruga cikin duhu, ba a sake ganinsu ba. Yaro ɗaya tal ya zo aji da safe. Hoton da na kasa mantawa shi ne na kyamarorin ƙofar gidaje: yaro cikin kayan barci yana gudu a kan titi, hannuwansa a buɗe ta gefe kamar mai kwaikwayon jirgin sama, ba ya waiwaye. An ba da labarin gutsure-gutsure, ta idon malamar ajin da gari ya ɗora wa laifi, ta idon wani uba, ta idon ɗan sanda, har a zo kan yaron da ya rage. Sai dai in gaya miki gaskiya, ƙarshensa ya raba kan mutane. Akwai jini, akwai kuma abin da zai sa ki dariya ba ki shirya ba. Ni ya yi mini, wani abokina kuma ya ce an ɓata masa fim a minti goma na ƙarshe.

Sinners na Ryan Coogler, shi ma 2025, na ga mutum uku sun ambata miki shi. Fim ne babba, an kafa shi a Mississippi ta Amurka a 1932, Michael B. Jordan ya fito a matsayin tagwaye, kiɗan da ke ciki kuma ya isa a kalle shi dominsa. Amma kada ki shiga da niyyar jin tsoro. Kusan awa guda za ki yi kafin dodannin masu shan jini da ke cikin labarin su fara aikinsu, kuma ko da suka fara, labarin baƙar fata da waƙarsu da abin da ake ƙwace musu ya fi ƙarfin tsoron. Ki kalle shi a matsayin fim mai kyau, shi ke nan.

Wani abu da na lura da shi cikin shekarun nan: fim yana kama mutum ne gwargwadon kusancinsa da abin da mutumin ya riga ya yarda da shi. Shi ya sa nake ba ki shawara kada ki tsaya a na Amurka. Exhuma na Koriya ta Kudu, 2024, wanda aka sayar da tikitinsa sama da miliyan 11 a ƙasar, labarin wasu attajirai ne da wata masifa take bin 'ya'yansu na fari, aka ce sai an tono kabarin kakansu an sauya masa wuri. Rabin farko, inda ake duba ƙasa, ana tsafe-tsafe a bakin kabari, ana ciro akwatin gawa, yana cikin mafi kyawun abin da na kalla. Rabin ƙarshe ya karkata zuwa tarihin mulkin Japan a Koriya, tsoron ya ɗan ragu, amma bai lalace ba. Akwai kuma Siksa Kubur na Joko Anwar daga Indunusiya, shi ma 2024, kan wata mata da ta ƙudurta sai ta tabbatar babu azabar kabari, har ta sa aka rufe ta tare da gawar wani azzalumi. Wannan kam ki yi shawara da zuciyarki kafin ki kunna. Wasu sun ce ya sa su nutsuwa, wasu sun ce bai kamata a yi fim da irin wannan batu ba, kuma ina girmama duka ɓangarorin.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. The Exorcist: Believer na 2023 bai kama ƙafar na asali na 1973 ba. The Conjuring: Last Rites na 2025 zai yi miki daɗi idan kewar jaruman kike yi, amma duk inda za a razana ki za ki hango shi tun daga nesa. Longlegs na 2024 an iya tallarsa, an ɓoye fuskar Nicolas Cage har mutane suka ƙagu, mintunan farko kuma sun tsayar mini da numfashi, sai dai daga baya an zauna ana ta bayani har tsoron ya tsiyaye. A Quiet Place: Day One, wanda Lupita Nyong'o ta ja, ya fi kusa da fim ɗin tausayi, kuma yana da sauƙi ga mai son dawowa a hankali. Terrifier 3 da The Substance kuwa ɓangaren ƙyama ne. Na biyun yana da abin faɗa game da yadda ake matsa wa mata kan tsufa, har ya ci kyautar rubutun labari a bikin fina-finai na Cannes a 2024, amma tunda kin ce jini ne ya kore ki, ba naki ba ne. Na farkon ban ga abin da zai ƙara miki ba ko kaɗan.

Ki riƙa duba alamar shekaru kafin ki kunna, musamman idan akwai yara a kusa. A tsarin Amurka, R tana nufin ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sai da babba, kuma yawancin waɗanda na yaba a nan suke. Sinners, The Substance da Nosferatu na 2024 duk suna da wuraren tsiraici ko saduwa, ba na zaman falo da iyali ba ne. Yara kuwa don Allah a bar su. Abin da babba zai manta da safe, yaro yana iya ɗaukar shekaru yana gani idan an kashe fitila.

Yadda kika kalla ma yana sauya komai. Irin waɗannan fina-finai a hankali suke tara tsoro, to idan kina kallo kina amsa saƙo, kina tsayarwa kina tashi, za ki gama ki ce babu komai a ciki. Ki ajiye hira, ki sa abin ji a kunne ko ki ƙara murya daidai, domin rabin aikin a ƙananan sautuka yake: numfashi, takun ƙafa a saman bene, shirun da ya yi tsawo. Kada kuma ki kalli tallan fim ɗin har ƙarshe, yanzu sukan zuba mafi kyawun wuraren a ciki. Barbarian musamman, in za ki gwada shi, kada ki karanta komai a kansa.

Da ni ne ke, da His House zan fara, in bar kwana biyu, sannan Weapons, sai Exhuma. Talk to Me ki ajiye shi sai ranar da kika ji zuciyarki a sake take. Idan kin gama na farkon ki dawo ki faɗa mana yadda kika ji da abin da ya faru a motar bas ɗin nan, don har yau ban sami wanda muka yi maganar wurin yadda nake so ba.