Wane ƙarfen haƙori zan sara?

Wani mai shagon kayan asibiti a Katsina ya aiko da tambaya: "Dillali ya kawo mini ƙarfen yin hular haƙori (murfin da ake liƙa wa haƙorin da ya lalace) iri biyu, mai nikel da mai kobal, kuma mai nikel ya fi araha. Ya ce in zuba jari har a kusoshin dashen haƙori. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, ɗauki mai kobal da kuromiyam, ko da ribarsa ba ta kai ta ɗayan ba.

Ba kowane jiki ne ke karɓar nikel ba, kuma mata sun fi fama da shi. Ka san macen da in ta sa ɗan kunnen da ba gwal ba, sai kunnen ya yi ja, ya yi ta ƙaiƙayi har ya tara ruwa? Sau da yawa aikin nikel ne. To ina ga an liƙa mata shi a baki, dare da rana cikin yawu? Dasashi na iya kumbura, ta koma wa likita, likita ya koma wa mai haɗa haƙoran, shi kuma ya dawo ƙofar shagonka. Masu wannan sana'a a Katsina ba su da yawa, duk sun san juna, ɗaya ya ƙi kayanka ka rasa sauran. Akwai ma wanda ake gauraya wa wani ƙarfe mai suna beriliyam, ƙurarsa na lalata huhun mai gogewa. Wannan ko kyauta aka ba ka, kada ya kwana a shagonka.

Kusoshin dashe kuwa titaniyam ne, don ƙashin muƙamuƙi yana kama shi. Tun 1965 wani likita mai suna Brånemark ya fara dasa wa mutum shi a Suwidin. Ƙarfen ba shi da laifi, amma kowane kamfani da irin sukurorinsa da kayan ɗaurinsa, kowane likita kuma da wanda hannunsa ya saba. In ka tara, kuɗinka za su kwanta a shago. Sai likita ya faɗi wanda yake so, ya ba da kafin alƙalami, sannan ka yi oda.

Zinare, irin na haƙorin Makka, bar shi tukuna. Farashinsa dala yake bi.

Kafin ka biya ko sisi, sa dillalin ya nuna maka rajistar NAFDAC, ka duba kwalin ko akwai lambar ISO 22674, wato ma'aunin ingancin ƙarfen haƙori na duniya, da kason kowane ƙarfe a rubuce. Sannan ka leƙa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ka tambayi masu haɗa haƙora nawa suke narkarwa a wata, ka sari daidai hakan.