Kafin ku zuba littattafan Malam a intanet, wa zai buɗe su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakanmu ya bar mana akwati biyu na rubutun hannu, Larabci da ajami, da tsofaffin hotunan Zango. Mu jikokinsa a Aboabo, Kumasi, muna so mu ɗauke su a hoto mu zuba a intanet. Wani ya ce sai mun fara binciken waɗanda za su yi amfani da su. Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Malam. Wanda ya ba ku shawarar nan ya yi muku gata.

Kada dai ku tambayi kowa, "Za ka yi amfani da shi?" Duk wanda kuka tare a bakin masallaci kuka ce littattafan Malam ne, "ƙwarai kuwa" zai ce, don kara da girmama mamaci, ko da ba zai taɓa buɗewa ba. Ku tambayi abin da ya riga ya faru: "Baba, yaushe rabonka da neman wata tsohuwar ƙasida? Wurin wa ka je? Ka samu?" A nan za ku ji gaskiya.

Masu buƙatar kuma ba iri ɗaya ba ne. Malamin makaranta yana karanta ajami, amma wayarsa ƙarama ce, ido kuma ya fara rauni. Saurayin unguwar Asawase Hausa yake ji raɗau, amma da Turanci ya yi karatu, Hausar boko sai ya yi ta haɗa baƙi; wataƙila shi murya yake so, a rera masa ƙasidar ya saurara ta WhatsApp. Masu bincike daban ne. Tun shekarun 1960 masanin tarihi Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo suka tara wa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon kwafin irin waɗannan takardu, har da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934. Su masu bincike, sunan marubuci suke nema, da wanda ya kwafa, da shekara. Ba za ku gamsar da kowa lokaci guda ba, sai ku zaɓi waɗanda za ku fara yi wa hidima. A ganina, mutanen unguwa ne.

Hotuna kuwa, tsofaffin mata ne suka san wane ne wane. Ku tura 'yar'uwarku ta zauna da su a cikin gida, ba a zaure gaban maza ba.

Bayan hira da mutum uku-huɗu daga kowane rukuni, ku ɗauki shafi ashirin kawai ku gwada. Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da shafukan intanet, ya nuna a 2000 cewa mutum biyar sun isa su fito da mafi yawan matsalolin shafin intanet. Ku ba mutum aiki a wayarsa, da datarsa: "Nemo min hoton hawan Sallah." Sai ku yi shiru, ko da bakinku yana ƙaiƙayi. Ku dubi yadda yake buɗa yatsu biyu yana ƙara girman rubutu, wasula suna dushewa, da inda ya gaji da jiran hoto ya koma hirarsa. Ku rubuta abin da ya yi, ba yabon da ya yi muku ba.

Ku nemi izini kafin ɗaukar murya ko rubuta suna. Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, Doka ta 843, ta shafi wannan. Sannan ku zauna da manyan gida tun da wuri, domin akwatin malami ba ya rasa laƙani da hatimi da wasiƙun bashi ko na aure. Su ware abin da za a fitar, da abin da sai wanda ya zo gida ya yi sallama zai gani.