Na rubuta darussan lissafi na "gano da kanka": wace mujalla za ta buga su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a Garwa, Kamaru. Shekara uku ke nan da na daina fara darasi da rubuta doka a allo. Sai in ba yara jerin tambayoyi, su yi ta fama rukuni-rukuni har su gano dokar da kansu. Takardun sun kai shafi 40, da Faransanci. Wani abokin aiki ya ce akwai mujalla a Amurka mai buga irin wannan. Wata mujalla kuma ta aiko mini da imel, wai in biya kuɗi ta buga cikin mako guda. Ajina yara 85 ne, ba mu da injin kwafi, har kunyar nuna aikin nake ji. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Mu fara sallamar masu imel ɗin nan: kada ki tura musu ko sisi. Mujallar kirki takan miƙa rubutu ga masana, galibi biyu, su karanta ba tare da kin san su ba, su dawo da gyara. Wannan aikin watanni yake ci. Wanda ya yi miki alkawarin mako guda, aljihunki kawai ya karanta.

Mujallar da abokin aikinki ya ambata tana nan, sunanta Journal of Inquiry-Based Learning in Mathematics. Tana buga cikakkun takardun kwas waɗanda aka gwada a aji kuma masana suka tantance, kowa na iya sauke su kyauta a intanet. Tushenta salon R. L. Moore ne, malamin Jami'ar Texas da ya rasu a 1974, wanda yakan ba ɗalibai ma'anoni da tambayoyi, ya hana su buɗe littafi, su zo gaban allo su kafa hujja da kansu. Sai dai darussan jami'a take nema, kuma da Turanci. Ki karanta ta don ki ga yadda ake jera tambayoyi, amma ƙofarki tana wani wajen. A Faransa akwai cibiyoyin binciken koyar da lissafi da ake kira IREM, waɗanda suka fara aiki a 1969. Ta garin Grenoble tana fitar da mujallar Petit x don sakandare, da Grand N don firamare, ga kuma Repères-IREM ta haɗin gwiwar cibiyoyin. Da Faransanci suke, malaman aji suna rubutu a cikinsu, tsofaffin fitowarsu kuma suna intanet. Ki karanta maƙala biyar ko shida na Petit x kafin ki ɗora alƙalami.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Shafi 40 na tambayoyi, komai kyansu, rabin aiki ne. Mai tantancewa yana so ya ga abin da ya faru sa'ad da tambayoyin suka faɗa hannun yara. Na koyi wannan da zafi. Rubutuna na farko ya dawo mini bayan wata bakwai, a gefen shafi na uku an rubuta: "Ina ɗaliban?" Na kwana biyu ina fushi, daga baya na sake karantawa, na ga mutumin yana da gaskiya. Na bayyana abin da na shirya tsaf, ban kawo kuskuren yaro ko ɗaya ba, domin a lokacin ina ɗaukar kuskure abin ɓoyewa ne.

Dubi sanannen darasin Guy Brousseau, masanin Faransa da ya fara karɓar lambar yabo ta Felix Klein, ta binciken koyar da lissafi, a 2003. Ana ba yara wani murabba'i da aka yayyanka gutsi-gutsi, a ce su yi babbansa, ta yadda gefen da yake santimita 4 zai zama 7. Kowane yaro a rukuni ya ɗauki gutsure ɗaya. Kusan kullum sai su ƙara 3 a kowane gefe: mai 2 ya koma 5, alhali 3.5 ya kamata ya zama. Su yanka takarda, su zo haɗawa, gutsattsarin su ƙi haɗuwa. Sai gardama ta kaure, wannan ya ce wancan bai iya awo ba, a sake aunawa, har wani ya fara zargin ƙarin 3 ɗin kansa. Malami bai ce uffan ba, takardar ce ta ƙaryata su. Darajar darasin tana cikin wannan gardamar, kuma ita ce ake rubutawa.

Don haka ki zaɓi jeri ɗaya daga cikin takardunki, na darasi huɗu ko biyar a kan batu guda. Kafin ki sake shiga aji da shi, rubuta hasashenki: me ya sa wannan tambaya ta gabaci waccan, me ya sa kika zaɓi waɗannan lambobin, wace karkatacciyar hanya kike zaton yara za su bi. Bayan darasi, a ranar, kafin ki manta, rubuta abin da ya auku a zahiri, sannan ki gwama biyun. Masanan Faransa irin su Michèle Artigue sun daɗe a kan wannan tsari na nazarin gabani da nazarin bayan darasi, masu tantancewa a Petit x kuma za su gane shi nan take. Ki ɗauki hoton litattafan yara da wayarki, da hoton allo kafin a goge. Ki rufe sunaye, kada fuska ta fito, kuma ki nemi izinin shugaban makaranta a rubuce.

Maganar kunya kuwa, Malama, ki ajiye ta. Yawancin abin da aka buga a kan wannan salo ya fito ne daga azuzuwa masu yara kaɗan da takarda a wadace. Ke kina da abin da ba su da shi. Yaya kike raba yara 85 rukuni-rukuni alhali benci ba ya juyawa? Minti nawa kwafe tambaya daga allo yake cinyewa? Sannan ga harshe: na tabbata in gardama ta yi zafi, yaranki sukan saki Faransanci su koma Fulatanci ko Hausa, sai lokacin bayani gaban allo su dawo. Idan yarinya ta ce wa ƙawarta "ninkawa za a yi, ba ƙari ba", rubuta shi yadda ta faɗa, ki sa fassara a ƙasa. Tsarin APC, wato koyarwa bisa ƙwarewa, da ma'aikatar ilimin sakandare ta shimfiɗa yana neman a fara darasi da matsala daga rayuwa, malamai da yawa daga Gaundare har Kusiri suna neman wanda zai nuna musu yadda ake yi a aji irin nasu.

Abu ɗaya za a kama ki da shi idan ba ki kula ba: da'awar da ta fi hujja. Kada ki rubuta cewa salonki ya ɗaga sakamakon jarrabawar BEPC, sai in kina da abin gwadawa. Faɗi abin da kika gani, har da darasin da ya watse.

Idan za ki samu abokin rubutu a Babbar Makarantar Horar da Malamai ta Jami'ar Marwa, zai taimaka miki wajen danganta aikin da binciken da ya gabata, amma ku daidaita tun farko cewa sunanki ne a gaba. Ki bi ƙa'idojin mujallar na tsawo da tsari, kuma kada ki aika wa mujallu biyu a lokaci guda. In an dawo da shi da buƙatar gyara, albishir ne. Ki amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, har da wadda ba ki yarda da ita ba, tare da dalilinki.

A wannan zangon, ki sayi littafin rubutu guda, ki keɓe shi ga aji ɗaya da jeri ɗaya. In kin kammala, turo mini hasashenki da hotunan aikin rukuni uku, mu duba tare.